Yadda Na Tahi Tawa Duban Mota

Ranar da maganar ga ta tashi, mu biyar muke a zauren gidanmu na Illela. Akwai ni. Akwai ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, mutanen gari suna ce masa Madugu tun da ya gaji ubansa. Akwai Buhari, ƙanen maigidana marigayi. Akwai Agali, Buzun da ke kiwon raƙumanmu tun ban yaye Madugu ba. Na biyar Malam Sambo ne, limamin unguwarmu, shi ne kuma ke rubuta wagga magana yanzu ni ina faɗi, don ni ban yi allo ba balle boko.

Abin da ya sa na ce a rubuta, tun da na komo mata ba su bar ni na sha hura da sanyinta ba. Wagga ta shigo, "Inna, wai kin shiga mota?" Waccan ta shigo, "Wai da gaske wuta take ci?" Na gaji da maimaitawa. Kuma na ji labarin ya soma yin rassa a bakin rijiya, har an ce ni na tuƙa ta. To ga yadda anka yi. Wadda ta ji ta faɗa ma wadda ba ta ji ba.

Madugu ne ya buɗe baki. Ya ce wani Balarabe a Tawa, cikin ƙasar Faransi, yana da motoci biyu na sayarwa, kuma yana karɓar raƙuma a maimakon kuɗi. Ya ce kayan da ayarinmu ke kaiwa Sakkwato cikin kwana uku, mota na kai su tsakanin asuba da azahar, kuma manyan 'yan kasuwa sun soma ba masu mota kayansu, mu suna bar mana ragowa. Shi babbar yake so, mai shan wani mai da ake ce ma gazwal, mai buɗaɗɗen baya na zuba kaya. Buhari kuwa ƙaramar yake so, mai dogayen ƙafafu, irin wadda kumandan, Baturen mulkin Faransi, ke shiga daji da ita, ba ruwanta da hanya. Ko wace anka zaɓa, garken ne duka zai tahi. Cikin garken ga kuwa akwai tumunina na gado, akwai rabon ɗiyana mata biyu da ke hannuna. In ban yarda ba, ba ciniki.

Sunka yi ta gardama awa an riga an sayar da raƙuman. Agali kuwa sai ya ƙara jan amawalinsa sama. Da sunka gaji na ce, "Ba a cinikin biri a sama. Ni zan tahi in gani."

Buhari ya ce, "Haba matar yaya, mi kinka sani ga mota?"

Na ce, "Abin da ka sani, Buhari. Babu. Sai dai ni ban ɗaga murya a kansa ba."

Munka tashi ranar Litinin bayan an gama kaka, Madugu da Buhari bisa raƙuma, ni bisa jaki, Agali a ƙasa yana jan akala. Daga ƙofar gidanmu zuwa iyaka ba ta kai tahiyar da mace ke yi neman itace ba. Ina budurwa wurin ga gonar kawuna ce, maiwa ake shukawa. Yanzu an kafa dutse an shafa masa farar ƙasa, an yi rumfa, an aje gardi biyu, 'yan sandan Faransi masu jar hula, da wani mai binciken kaya da suke ce ma duwan.

Gardi ɗaya ya ce sai an yi mini takardar wucewa. Ya ce, "Tsohuwa, shekarunki nawa?" Na ce ina goyon ɗiyata ta biyu shekarar da Nasara sunka shiga Sakkwato, shi da ya iya lissafi ya lissafa. Ya rubuta abin da ya rubuta, ya kama babban yatsana ya dangwala a tawada ya danna ga takarda, ba ko neman izni. Kwana biyu ina wanke yatsan ga kafin alwala ta kwanta mini a rai. Shi kuma duwan yana da wani tsinken ƙarfe da yake soka ma kaya don ya ji abin da ke ciki. Ya soka ma ƙunshina, ya huda tandun man shanu da na ɗauko ma ƙawata tsaraba. Ya faɗi wata kalma da Faransanci, Madugu ya ce haƙuri yake ba ni. Na ce haƙurin da ban ji ba ba ya toshe tandu. Haka man ya yi ta ɗiga bisa gadon bayan jakin, ƙudaje sunka raka mu har Ƙonni.

A Ƙonni munka sauka gidan tsohon mai masaukin maigidana. Shi ya rasu, matarsa ce ta tarbe mu da tuwon gero da miyar kuka. Abincinsu namu ne, bakinsu namu ne, sai dai hannunta ya yi nauyi ga kanwa. Abin da ya raba mu da su, Nasaran da ke bisa kansu ne. Mu nan in Bature zai wuce, sai a durƙusa. Can kuwa miƙewa ake yi tsaye awa tabarya, a cire hula, wanda ke bisa dabba ya sauka. Muna bakin kasuwa kumandan ya taho bisa doki, Buhari ya zube ƙasa yadda ya saba. Gardi ya daka masa tsawa. Ya miƙe a firgice ya manta da hula, gardin ya kaɓe ta da sanda ta faɗa cikin tukunyar mai ƙosai. Ban yi dariya ba. Dattijo ne mai furfura, gaban mutane. Gida ka durƙusa a ce kana da ladabi, can ka durƙusa a ce ka raina mutum, ga shi tahiyar rabin yini ce tsakani.

Daga nan hanya ta miƙe arewa, ƙasar Adar, duwatsu baƙaƙe da rijiyoyi masu zurfi, waɗanda sai takarkari ya ja igiya ya yi nisa kafin guga ta fito. Ko'ina bisa hanyar maza ne da kwanduna a ka suna zuba marmara, gardi na bayansu da bulala. Aikin dole ne. Ɗaya daga cikinsu, magidanci, ya roƙe ni ruwa, na dama masa hura. Ya ce wata biyu ke nan rabonsa da gida, matarsa ce ta girbe gero ita kaɗai. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga motar da yake yi ma hanya. Ya share baki ya ce, "Inna, mu shimfiɗa muke yi, wasu ke kwanciya."

Kusa da Badagishiri na soma ganin mota a guje. Na sha ganin ta tsaye a Illela, amma ban taɓa karo da ita ba. Jakin ya ji rugugi, ya kafa kunnuwa, ya yi cikin daji da ni, ya yar da ni tsakiyar ƙarangiya. Ban karye ba, Allah ya tsare. Amma har munka shiga Tawa, rana ta huɗu, ina cirar ƙaya ga zanena.

A Tawa gidan Zainabu na sauka. Ƙawata ce tun mazajenmu na haɗa zango, nata ma madugu ne, shi ma ya rasu. Rabona da ita shekaru masu yawa. Abin da na soma gani da shigata shi ne filin gidan. Da, ba ka samun wurin aje ƙafa don raƙuma. Yanzu turaku ne kawai a kakkafe, kaji na kiwo tsakaninsu.

Ta yi mini hura irin tasu, wadda ake daka cuku da dabino ciki. Ta kawo shayi a ɗan kofi sau uku, na farko da ɗaci awa maɗaci, kuma in ka tashi kafin na uku ka yi ma mai gida rashin kunya. Ta kawo wani burodi dogo awa sandar makiyayi, na kasa cizonsa sai da na jiƙa. Na ba ta tandun da ɗan abin da ya rage a gindinsa, na faɗa mata yadda anka yi. Ta ce ai gara ni, tandu kawai sunka huda mini.

Ta ce Faransi sun kwashe rabin garkensu don dakon kayan soja, waɗanda sunka komo sun komo da gyambo a baya. Sauran kuma sunka rasa kayan ɗauka, don masu kaya sun koma ga mota. Ɗaya bayan ɗaya anka kai su mahauta. 'Ya'yanta maza sun tahi Kurmi neman abin yi.

Ta dube ni ta ce, "Ƙawa, kin zo ki hana ɗanki sayen mota ne?"

Na ce, "Na zo in gani."

Ta ce, "To ki duba da kyau. Ni na hana nawa." Ta nuna turakun ga da haɓa. "Ga abin da na tsare."

Da safe munka tahi gidan Balaraben. Ya gaisa da maza, ni ya sa anka shimfiɗa mini tabarma can nesa gindin katanga. Ban zauna ba. Shekara talatin ina kallon yadda maigidana ke sayen raƙumi. Yakan buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya ɗaga ƙafa ya ga tafi, ya sa a gurfanar da shi a ɗora kaya ya ga yadda zai tashi, ya murje kashinsa a hannu. Bayan haka duka ba ya sallamawa sai an yi zango uku da dabbar da kaya a baya. Ban san wata hanyar saye ba sai wagga.

Mai tuƙa motocin wani ne Isuhu, su can shofer suke cewa. Bai kai Madugu shekaru ba, wurin sojan Faransi ya koya, hannayensa baƙi ƙirin da mai. Na ce masa, "Ɗana, buɗe mini bakinta." Balarabe da Buhari sunka yi dariya. Isuhu bai yi ba. Ya ɗaga murfin gaba ya nuna mini cikin, ya ce nan take shan ruwa, nan take shan mai. Na ce mi kowace ke ci, ina ake samunsa. Ya ce ƙaramar fetur take sha, tana sha da yawa, kuma ko tartsatsi ya faɗa masa sai gobara. Babbar gazwal take sha, kaɗan ke kai ta nesa. Ya zuba gazwal a kasko, ya ƙyasta ashana ya jefa ciki, ashanar ta mutu. Na ce to mi ne aibinta, don ba dabbar da ba ta da aibi. Ya dubi ubangidansa, sannan ya ce tana da nauyi, rairayi na kama ta, kuma da sanyin safiya ba ta son tashi. Daga nan na san yaron ga ba maƙaryaci ba ne.

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin kowace, na shafa ƙasa. Ta ƙaramar da danshin mai, ta babbar a bushe. Sunka ɗauke mu a ƙaramar munka hau wani tudun rairayi bayan gari, ta haye awa barewa, Buhari na ta kabbara. Da munka sauka na ce ina ake sa kaya. Anka nuna mini wurin da bai fi buhu biyu ba. Na ce ma Buhari, "Wagga taguwar sarauta ce, ta a gan ka. Gidanmu ba a ganin mu muke ci ba."

Sannan na ce ma Balaraben ya ɗora ma babbar kaya, ta kai mu Illela, in ga tahiyarta. Ya ce, "Uwa, mota ba raƙumi ba ce."

Na ce, "Da raƙuma za a biya ka. To da dokar raƙuma za a saya."

Ya ja gemu. Ashe yana da kanwa da yake son kaiwa Illela. Ya yarda. Ya ce Isuhu ya kai mu, ya komo masa ko da motar ko da raƙuman. Ya ƙara da cewa in mun saya, Isuhu zai bi motar, mu riƙa biyansa. A lokacin ban ba maganar ga nauyinta ba.

Ranar komowa na ga abin da Isuhu ke nufi da sanyin safiya. Sai da ya hura gawayi a kasko ya tura ƙarƙashin cikinta ta ji ɗumi, sannan maza biyu sunka kama wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake sawa a hancinta, sunka yi ta murɗawa. Ta yi tari, ta yi tari, ta saki baƙin hayaƙi, ƙasa ta kama rawa. Ni da Madugu munka shiga gaba kusa da Isuhu, Buhari ya hau bisa buhuna. Agali munka bar shi ya biyo baya da dabbobi.

Ba zan ɓoye ba, na yi amai sau biyu, na kuma karanta duk abin da na haddace. Amma ba zan ɓoye ɗayan ba: tahiyar da munka yi cikin kwana biyu, ta cinye ta rana ba ta yi tsaka ba, da kayan da sai rabin ayarinmu zai ɗauka. Garuruwa na wucewa ba sallama. Na hangi gidan da anka ba mu ruwa da zuwa, na ɗaga hannu, kafin matar ta ɗago kai mun wuce. Sau ɗaya rairayin wata ƙorama ya kama ta. Isuhu ya sauka, ya tona gaban ƙafafun, ya shimfiɗa wasu faffaɗan ƙarafa, ya kira mutanen ƙauye sunka tura, ta fita. Madugu ya dube ni yana murmushi. Ni ma zuciyata ta soma karkata.

A Tsarnawa, inda hanya ta rabu, gardi sunka tare mu. Ba kaya suke nema ba, ba takarda ba. Mai tuƙa kumandan ne ya kwanta ciwo, ana neman shofer da zai kai shi Madawa. Sunka ce Isuhu ya sauko. Madugu ya ce ai motar da kayan amanar mutane ce. Gardi ya ce ba motar anka aiko shi ba, mutumin anka aiko shi. Na ce kwana nawa? Ya ce, "Sai yadda kumandan ya so." Isuhu ya gyara ta gindin wani gawo, ya kashe, ya ce mini, "Inna, ki yi haƙuri," sunka sa shi gaba.

Mai garin ya ba mu masauki, matarsa ta yi mana dambu. Washegari Madugu ya ce ai ya ga duk yadda ake yi. Ya hura gawayi ya tura. Shi da Buhari sunka kama ƙarfen sunka murɗa. Shiru. Sunka sake. A na huɗu ƙarfen ya komo baya da ƙarfi ya bugi Buhari a wuyan hannu, nan take ya kumbura. Madugu ya shiga ciki ya tattaɓa wancan ya ja wancan, ya fito ya sake murɗawa shi kaɗai, zufa ta jiƙe masa riga. Mutanen gari sun kewaye mu. Wani tsoho mai sandar gora ya ce, "Samari, taku ce?"

Madugu ya ce, "Za ta zama, Baba."

Tsohon ya ce, "To ku ce mata ta tashi mana."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma ni nan na tuna wani amale da maigidana ya taɓa ƙi a kasuwar Gwadabawa. Ban taɓa ganin raƙumi mai kyansa ba. An yi zango uku lafiya. Sai maigidana ya ce ma mai shi ya koma bayan bukka, shi ya ba amalen umarni. Amalen ya ƙi tashi. Agali ya gwada, ya ƙi. Mai shi ya fito ya yi masa magana ɗaya, ya miƙe. Maigidana ya miƙa masa akalarsa ya ce dabbar da ba ta jin muryarka ba taka ba ce, ko ka biya. Raƙumanmu ko ni na kama akala za su bi ni. Wagga kuwa ga ta ga mu, manya uku, da kayan mutane, mutum ɗaya anka cire ta zama dutse.

Rana ta biyu da la'asar Agali ya iso. Ya dubi motar, ya dubi hannun Buhari, ya yi sallama, ya tambaya ko muna da ruwa. Bai ƙara ba, na kuwa gode masa a zuciya. Da safe ni da Buhari munka bi shi. Madugu ya ce shi ba ya barin amana a hanya, ya zauna gindin gawo.

Ina bisa jakin ina cewa magana ta ƙare, raƙuma sun ci. Na san ku ma labarin da kuke son ji ke nan. To ba haka ta ƙare ba. Mun wuce Ƙonni, muna hangen rumfar gardi, sai na ji rugugi a baya. Agali ya riƙe jakin da kyau. Ta wuce mu, Isuhu na tuƙi, Madugu na gefensa. Ashe da hantsi anka sako Isuhu. Kafin duwan ya gama soke-sokensa mu iso gida, an sauke kanwar, har an soma aunawa. 'Yan kasuwa sun cika ƙofar gidanmu suna tambayar Isuhu yaushe zai yi Sakkwato. Mutanen da uban Madugu ya yi ma dako shekara da shekaru. Agali ya wuce ta tsakiyarsu da raƙuma biyu, ba wanda ya tambaye shi komai. Kwana biyu ta yi kwance a hanya, ta kuma riga mu.

Bayan la'asar munka koma zaure, mu biyar ɗin dai. Sunka zuba mini ido.

Na ce, "Ƙaramar a manta da ita. In za a saya, ta gazwal za a saya." Madugu ya soma godiya, na ɗaga masa hannu. "Amma bana ba a kwance akalar raƙumi ko ɗaya. Sai ranar da ka taso ta daga Tawa da hannunka, ta kwanta a hanya ka tashe ta, ba Isuhu kusa. Ranar nan ka ɗauki nawa da na ƙannenka duka."

Ya ce, "Inna, ina zan koya?"

Na ce, "Wurin wanda ya iya."

Buhari ne ya soma ganewa. Ya ce, "Karen mota kike son ya zama? Madugu ɗan madugu, mai iyali, ya riƙa ɗebo ma yaron ga ruwa yana kwana bisa buhuna? Matar yaya, a garin ga?"

Na ce, "A garin ga."

Madugu ya ce, "In Balarabe ya sayar ma wani kafin nan fa? Kin ga mutanen da ke ƙofa. Wani zai saya, ya kwashe kayan duka, mu zauna da raƙuma ba abin ɗauka."

Na ce, "Na gani. Na ga gidan Zainabu ma. In haka ta faru, laifin nawa ne, ku faɗa ma kowa. Amma gara ka yi kare shekara guda ga motar wani, da ka sayar da gadon marayu ka sayo abin da ba ya jin muryarka."

Malam Sambo ya ce a yi salati. Madugu ya tashi ya fita bai amsa mini ba, abin da bai taɓa yi ba tun da na haife shi. Tuwon da na aika masa ya komo ba a taɓa ba.

Da na idar da sallar asuba na ƙulla goro a gefen mayafi, na fita ni kaɗai. Isuhu na bakin kasuwa yana hura gawayi, zai koma Tawa. Mahauta sun soma fitowa, da masu koko, da 'yan kasuwar jiya. Na aje goron gabansa na durƙusa. Ban taɓa durƙusa ma wanda na girme ma uwarsa ba.

Ya zabura ya ce, "Subhanallahi! Inna, tashi don Allah."

Na ce, "Ba ni tashi sai ka ce ka karɓe shi. Ɗana nake ba ka, ka koya masa."

Ya ce, "Inna, mutumin da gobe zai zama ubangidana? Ba a koyon abin ga sai da aike, sai da tsawa. Har zagi."

Na ce, "Ka aike shi, ka zage shi. Uban kawai za ka bari, ya riga mu gidan gaskiya."

Isuhu ya kafa ido bayana. Na waiwaya. Ban san Madugu ya biyo ni ba. Yana tsaye, idanunsa jajur. Sannan ya cire babbar rigarsa, ya ninke ta, ya miƙo mini bai dube ni ba. Ya je gaban motar ya kama ƙarfen.

Isuhu ya ɗauki goron ya sa aljihu, ya hau mazauninsa. Ya ce, "Ba haka ba. Fitar da babban yatsanka, in ba ka son ka karye. To, murɗa." Madugu ya murɗa. Isuhu ya leƙo ya daka masa tsawa gaban mahauta, gaban kowa: "Da ƙarfi, kai! Ba ka ci tuwo ba?"

Na dafa ƙasa na miƙe, na ɗora rigar a ka, na nufi garke in ce ma Agali ya ɗaura kaya, akwai sauran gero na kaiwa Sakkwato. Ina bayan masallaci na ji ta yi tari ta kama. Ban waiwaya ba.